Dawa Ba Ta San An Janye Yajin Aiki Ba

Ranar da Auta ya samu gurbin karanta labarin ƙasa a jami'a, Inna ba ta tambayi abin da ake koyarwa a fannin ba. Tambaya ɗaya ta yi: shekara nawa? Muka ce huɗu. Ta ƙirga da yatsu, ta ce to, damina huɗu ke nan, Allah ya nuna mana. Mu yayyensa biyu muka kalli juna muka yi shiru. Mu ma huɗu aka ce mana lokacin da muka bar Dingaya muka tafi karanta kimiyyar kwamfuta, sai ga yajin aikin ASUU na 2013 ya zaunar da mu a gida daga Yuli har Disamba.

Amma mu da ƙuruciyarmu muka shiga, muna da shekarun da za mu zubar. Auta ba shi da su. Sau uku yana zana JAMB, tsakani yana noma yana ɗan kai kaya kasuwannin ƙauye. Da ya samu kuma, sai annobar korona da yajin aikin 2020 na wata tara suka haɗu suka riƙe shi. Bai zauna a aji ba sai farkon 2021, yana da shekara 25. Dokar bautar ƙasa kuwa ta ce wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya kammala ba ya tafiya sansani, takardar yafewa ake ba shi. Takardar ba abin kunya ba ce, ana neman aiki da ita kamar ta kowa. Sai dai Inna kakin take so ta gani a jikin autanta, mu kuma alawus muke lissafi. A 2025 aka fara biyan naira 77,000 a wata, wanda a shekara ya kama 924,000. Ga yaron da ba shi da jari, wannan kwamfutar aiki ce da ɗan abin tashi. Wani kawunmu ya ce me ya yi zafi, a je kotu a yi rantsuwa a rage masa shekara biyu. Muka ƙi. Ko ba don tsoron Allah ba, ranar haihuwarsa na nan a takardun WAEC da na JAMB, kuma ƙaryar da ba ta daidaita a rumbun bayanai biyu ba, wata rana sai ta tona kanta. Wannan kam mun sani daga sana'armu.

Don haka lissafin a bayyane yake: shekara biyar a hannu, karatu na buƙatar huɗu, rarar shekara ɗaya. Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta sake tafiya yajin aiki, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas daga cikin rarar suka tafi, Auta bai faɗi ko kwas ɗaya ba.

Masu rubuta manhaja muna da wata cuta: duk matsalar da muka gani, sai mu ɗauka jadawali ne bai yi kyau ba. Muka sa ya aiko mana da hoton kundin sashensu shafi-shafi ta WhatsApp, muka zuba kwasa-kwasan a Excel. A nan muka fara gane cewa labarin ƙasan jami'a ba wanda muka sani a sakandare ba ne, na haddace sunayen koguna da manyan birane. Akwai zanen taswira da lissafin ma'auninta, akwai nazarin yanayi da na duwatsu da ƙasar noma, akwai ƙididdiga, akwai karanta hotunan tauraron ɗan'adam, akwai GIS, wato haɗa taswira da bayanai a kwamfuta. Auta ya taɓa dawowa hutu ya tsaya da mu a gindin duwatsun Birnin Kudu, waɗanda ke da tsoffin zane-zanen shanu a jikinsu, yana yi mana bayanin yadda ruwa da iska suka kwashe ƙasa mai laushi a tsawon zamani suka bar tauraren duwatsun a tsaye. Mun wuce wurin sau ba adadi, ba mu taɓa tambayar kanmu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a kundin shi ne sarƙa. Ana buƙatar aƙalla kiredit 120 a kammala digirin shekara huɗu, kuma a zango ɗaya ba a rajistar ƙasa da 15 ko sama da 24. Wasu kwasa-kwasan a tsaye suke su kaɗai, in ka faɗi ka sake bana ko baɗi, ba wanda ya damu. Wasu kuwa ƙofa ne. A sashensu ƙididdiga ta aji biyu ita ke buɗe dabarun bincike na aji uku, shi kuma ya buɗe furojet na aji huɗu. Kowanne sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Muka ja kibiyoyi, muka shafa wa ƙofofin jan launi, muka aika masa da umarni cewa waɗannan ko me za a yi kada a faɗi. Ya amsa da cewa to Yaya, in sha Allahu. Muka ji daɗin kanmu.

Sai a Ƙaramar Sallar 2023 muka ji. Ba ma daga bakinsa ba, wani abokin karatunsa ne ya zo gaisuwa ya yi suɓutar baki. Auta na da kariyoba, kuma a ƙididdiga, ɗaya daga cikin jajayen nan. Watanni yana ɗauke da zancen shi kaɗai.

A zaure muka tsare shi bayan isha'i, kuma ba za mu ɓoye ba, mun yi masa faɗa irin na wanda ke biyan kuɗin makaranta. Muka ambaci kuɗin rajista, muka ambaci kuɗin haya, har kuɗin data sai da muka ambata. Ya bari muka gama, kansa a sunkuye, sannan ya ce: "Yaya, ranar da aka janye yajin aiki, dawa ba ta nuna ba."

Ga abin da ya faru. Da damina ta faɗi a 2022 babu wanda ya san ranar komawa makaranta, Baffa kuma ƙafarsa ta ƙi, sai Auta ya ɗauki gonar gaba ɗaya. Ya shuka gero da dawa da riɗi. Gero ya shiga rumbu lafiya. Da aka ce a koma aji a ƙarshen Oktoba, riɗi na tsaye a gona yana shan iska, wanda in ka yi sakaci ya bushe ya tsage, ƙasa ce za ta cinye shi, dawa kuma sai Nuwamba. Ya zauna ya ƙarasa. Ya koma makaranta da jinkirin mako huɗu. Makarantar na gudu ne don ta cike gibin wata takwas, har an yi gwajin da ke ɗauke da maki 30 cikin 100. Sauran kwasa-kwasan ya karanta ya tsallake da ƙyar. Ƙididdiga ba a haddace ta a mako biyu, balle ka shiga jarrabawarta da sifili a gwaji.

Dawar nan mun ci tuwonta. An aiko mana da buhu-buhu Kano a Disamba, muka yi godiya ta waya, ba mu tambayi wanda ya yanke ta ba. Jadawalinmu na da layin kowane kwas da kiredit ɗinsa da zangonsa, ba shi da layin gona ko ɗaya. Mu da muke taƙama da gano abin da ke jingine da wani abu, mun tsaya a bangon kundin makaranta, alhali sarƙar ta wuce can, ta bi ta ƙafar Baffa ta shiga gonar bayan gari.

Washegari muka sake zama, wannan karon a kan tabarma da biro da takarda, shi ke faɗa muna rubutawa. Kwasa-kwasan zangon farko na aji uku kiredit 22 ne. Ƙa'ida ce a fara rajistar kariyoba kafin sabo, ƙididdiga kuma kiredit 3 ce, an tashi 25, an haura iyaka da ɗaya. Dole wani abu ya sauka. Auta ya so ya ajiye GIS saboda ba shi da kwamfuta, muka ce a'a, shi ne abin da zai ci abinci da shi bayan makaranta, kuma manhajar QGIS kyauta ce, tsohuwar kwamfutarmu za ta ɗauke ta. Aka cire wani kwas na zaɓi mai kiredit 2, aka tura shi aji huɗu inda akwai sarari, aka tsaya a 23. Sa'armu ɗaya, dabarun bincike a zango na biyu ake yin sa. Wato in ya ci ƙididdiga a zango na farko, sarƙar ba ta tsinke ba. In ya sake faɗuwa, shekara guda ta tafi, da ita da kakin Inna. Muka ce kafin ya danna komai a shafin rajista ya kai wa kodinetan ajinsu takardar ya duba, domin kundi daban, abin da sashe ke aiki da shi a wannan shekarar daban. Ya kai, malamin ya gano cewa jarrabawar kwas biyu za su iya cin karo a rana ɗaya, ya sa aka gyara tun da wuri. Da mu kaɗai ne, ba za mu taɓa ganin wannan ba.

Sannan muka ƙara layukan da babu su a da. Kuɗin 'yan ƙwadago na noman farko da maimai da girbi, mu za mu biya, a aiko kafin lokaci, ba sai an roƙa ba. Kuɗin fita nazari da sashe ke kai ɗalibai, wanda kwas ne mai maki ba yawon buɗe ido ba, a ware shi tun farkon shekara. Wani ɗan baffanmu ya karɓi kula da gonar a kan kason amfani. Inna ba ta so ba, ta ce ba a taɓa ba wa wani gonar gidan nan ba alhali da namiji a gida. Muka ce Inna, ai ba ya gida. Ta yi kwana biyu ba ta sake mana fuska ba.

Ya ci ƙididdiga da C. Ba mu taɓa murna da C irin wannan ba.

Da aka zo zaɓen furojet ya so ya yi nazarin sauyin ruwan sama na shekara talatin a yankinmu. Batu mai kyau, amma bayanan na hannun wasu ofisoshi, sai an rubuta takarda an jira, kuma mun ga ɗaliban da jiran amsar takarda ya cinye musu zango guda. Muka ba shi shawarar ya nemi abin da ba sai ya roƙi kowa ba. Hotunan Landsat kyauta suke tun 2008, kowa na iya saukewa. Ya koma kan yadda gonaki suka ci dajin kiwo a kewayen Dingaya, hoton da da na yanzu, sai ya bi da ƙafa ya tabbatar, ya zauna da dattawan da suka san inda burtali yake kafin a nome shi. Malaminsa ya amince. Baffa da kansa ya zama mutum na farko da aka yi wa tambayoyi, yana kishingiɗe yana gyara masa sunayen fadamu.

Yanzu yana zangon ƙarshe. Mun sa ya bi sakamakonsa ɗaya bayan ɗaya tun daga aji ɗaya, kada a wayi gari a ce wani ya ɓata, ya kuma duba sunansa a jerin JAMB na waɗanda aka tabbatar da shigarsu, tunda sai da shi ake kiran mutum bautar ƙasa. In komai ya tafi daidai, majalisar jami'a za ta amince da sakamakonsu saura 'yan watanni ya cika 30. Duk lokacin da muka ji a rediyo cewa ASUU ta ba da wa'adi, sai ɗayanmu ya kira ɗaya, mu yi shiru a waya, mu ajiye.

Makon jiya Inna ta kira ta ce dawa ta fara fitar da kai, a tuna da kuɗin masu yanka. Muka ce an tura tun shekaranjiya. Ta ce to, kada wanda ya gaya wa Auta, ya zauna can ya yi abin da ya kai shi.