Tafkin Nyos da jita-jitar da ta ƙi mutuwa

Har yau in aka taɓo zancen Nyos a majalisunmu na Abakwa, cikin Bamenda, sai an sami mai cewa wai bom ne Turawa suka gwada. Na daɗe ina jin wannan magana, kuma kullum takan dame ni, domin wanda ya yarda bom ne zai ɗauka abin ya wuce ke nan, alhali tafkin yana nan inda yake.

A daren 21 ga Agusta 1986 ne wata iska ta taso daga tafkin Nyos, kusa da Wum, ta gangara cikin kwaruruka ta bi ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun rasu, Allah ya jiƙansu, tare da shanu wajen 3,500, yawancinsu na Fulani makiyaya. Gidaje ba su rushe ba, ba a ga gobara ba. Mahaifina, wanda fataucin shanu ne sana'arsa, yakan ce abin da ya fi ɗaure wa waɗanda suka je wurin kai shi ne rashin ƙuda a kan gawar dabbobin, don su ma ƙudajen sun mutu.

Iskar nan ita ce kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun numfasa, wadda kuma take sa lemon kwalba kumfa. Tafkin yana zaune ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200, iskar kuwa tana tsatsowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa cikin ruwan can ƙasa. Nauyin ruwan sama ne ke danne ta, kamar yadda marfi ke riƙe kumfar kwalba. Shekara da shekaru tana taruwa, ran da wani abu ya motsa ruwan, masana da yawa suna zargin zaftarewar dutse, sai ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasa ta bi gangare kamar ruwa. Shi ya sa da yawa daga waɗanda ke kan tudu suka tsira.

Ni dai ban ga abin mamaki a nan ba. Ai masu haƙar rijiyarmu sun san ta tun kaka da kakanni. In rijiya ta yi zurfi sukan zura fitila tukuna, in ta mutu ba mai shiga.

Masu zancen bom kuma sukan manta cewa a 1984 tafkin Monoun, kusa da Fumbot, ya yi irin wannan, mutum 37 suka rasu.

An nemi magani, ko da yake an yi jinkiri. A 2001 masana, ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Michel Halbwachs, suka zura dogon bututu har ƙasan tafkin, ruwan ƙasa yana hawowa da kansa yana feshi sama, iskar tana fita kaɗan-kaɗan. A 2011 aka ƙara biyu. Akwai kuma fargabar gaɓar tafkin ta arewa, wadda in ta fashe ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya shiga Nijeriya, kuma tana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.

Mutane sun fara komawa yankin, ba kuwa za a ga laifinsu ba, ƙasa ce mai albarka ga noma da kiwo, zaman sansani kuma ya ishe su. Bututan sun rage haɗarin ƙwarai, amma iskar ba ta daina tsatsowa daga ƙasa ba, kuma bututu abu ne mai bukatar a riƙa duba shi ana gyarawa.