Wasiƙa Daga Kurugu Zuwa Ga 'Yata Mai Aikin Ofis

Mutanen gida duk suna lafiya.

Mahaifiyarki ta ce ofishinku ya ɗauko mai koya muku yoga da zaman tattara hankali, kina neman shawarata. Ki shiga. Miƙe gaɓoɓi da jan numfashi sannu a hankali suna sake wuya da bayan wanda ya wuni gaban kwamfuta. Sai dai yoga daga Indiya ta fito, kuma tana da jijiya a addinin Hindu. Ki ɗauki motsa jikin, ki bar duk wani karatu ko rusunawa mai kama da bauta, ki kuma nemi ajin mata. Shi kuwa zaman tattara hankali irin na ofisoshi, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, darasin mako takwas don masu fama da ciwo mai naci da damuwa. Mai tsayuwa gaban Ubangijinta sau biyar a rana ba baƙuwar natsuwa ba ce, in dai ba ta yin sallama hankalinta na kan waya.

Abin da ke damuna daban ne, 'yata. Ba kya barin ofis sai bayan isha'i, ranar Asabar ma saƙon oga na biyo ki ta WhatsApp, abincin rana kuma a kan tebur kike cinsa, in ma kin ci. Numfashin minti goma ba zai biya wannan bashin ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya mai cinye mutum a matsayin abin da matsin aiki marar sassauci ke haifarwa. A 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata sama da dubu 46 a Birtaniya, ya ga masu shiga irin waɗannan darussa ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ina jin tsoron a ba ku tabarmar yoga a ce an gama da ku, alhali aikin mutum uku na kan mutum ɗaya.

Masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa da asuba suke fita, amma rana na takewa sai inuwa, kuma babu mai kiransu ragwaye. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tanadi hutun aƙalla awa ɗaya ga leburan da ya yi aikin awa shida ko fiye. Ke da abokan aikinki ku haɗa baki, cikin ladabi, ku nemi lokacin azahar da abinci, da lokacin tashi tsayayye. Ku sa a rubuce.

Jiki magayi. Ciwon kan da kika ce yana taso miki da yamma, ki je asibiti a auna jininki cikin makon nan, ki kira ni ki faɗa mini abin da likita ya ce. Hutunki na shekara kuma kada ki sake ɗage shi. Ki nemi ya zo da kaka, ƙannenki na ta tambayar ki.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Mahaifinki,
Kurugu