Saura Doki Ɗaya

Ni ne na riƙa karanta wa kawuna labarin dawakin Faransa. Lokacin ina aji shida a lakwal a Maraɗi, shi kuma tela ne a unguwarmu. Bai yi boko ba, amma wajen awon yadi da lissafin kuɗi babu mai kama ƙafarsa a layin. Da na taso daga makaranta sai ya miƙo mini takardar tseren dawaki da ya sayo a bakin kiyos, ya ce, "Ɗan boko, zo ka gaya mini wane ne ya kwana lafiya yau." In zauna bisa tabarma in fassara masa: mai lamba kaza ya zo na uku a Vincennes, wancan ya faɗi wajen tsallake shinge a Auteuil, wannan an sake masa mahayi. Ladana dala biyu ne na alawa. Ban san caca nake taya shi ba, ni dai na ga babban mutum yana bukatar karatuna, kaina ya kumbura.

Wanda bai san harkar ba, ga yadda take. A Faransa ake sukuwar, a filayen da ke birnin Paris da wasu garuruwa, amma a nan gida ake zuba kuɗin, ta hannun LONANI, hukumar loteri ta ƙasa. Mutum ya zaɓi dawaki uku, ko huɗu, ko biyar da yake ganin su za su zo gaba. In ya dace da su a jere yadda suka iso, ya ci babba. In ya same su a hargitse, ya ci ƙarami. Kawu bai taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba. Iyakar saninsa da doki shi ne kallon hawan salla. Amma ya san wace goɗiya ce ba ta son ƙasa mai laka a wata ƙasar da bai san ko gabas take ko yamma ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fadar da ke gindin dogon yaro kusa da kiyos ɗin. Akwai malamin lakwal, akwai tsohon jandarma mai fansho, akwai ƴan kabu-kabu biyu da ke jingine baburansu su zo su leƙa, ga mai shayi yana ta fifita gawayi. Kowa da ɗan littafinsa da bironsa. Wani ya ce ya yi mafarkin raƙuma bakwai, a yi ta gardama ko bakwai ɗin ake nufi ko a haɗa da shekarun mai mafarkin. Wani ya zo da lambar motar da ta kife a hanyar Damagaram. Wani ya rantse akwai boka a ƙauyensu mai ganin lamba cikin ƙasa, sai jandarman ya ce to me ya hana bokan sayen mota. A yi dariya, a zuba shayi na biyu. A wannan inuwar tela yana iya ce wa malamin makaranta bai san komai ba, malamin kuma ya saurara. Ban san wani wuri a garin da haka ke faruwa ba.

Da yamma a rubuta sakamako a allo. Sai wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, kowa ido kan tikitinsa, sannan hayaniya ta ɓarke. Kalmar da na fi ji a bakin kawu duk ƙuruciyata ita ce, "Saura doki ɗaya!" Yana faɗinta fuskarsa a sake, kamar wanda ya ci.

Sau ɗaya a shekara kuma a shiga zumuɗin babban zagaye na haɗin gwiwa, wanda ake kira Tranche Commune Entente. Hukumomin loteri na Nijar, Binin, Burkina Faso, Kodibuwa da Togo ne ke haɗuwa su shirya shi, ƙarƙashin inuwar majalisar Antant da aka kafa a 1959, kuma kowace shekara wata ƙasar ce ke karɓar baƙuncin fitar da gwanaye. Tikitinsa kankarewa ake yi, ba ya bukatar sanin doki, don haka har waɗanda ba sa zuwa fada sukan saya. Ga kuɗi, ga kuma begen a kai mutum ƙasar da ake bikin. Na tuna mai shayinmu, wanda ko Yamai bai taɓa zuwa ba, yana tambayar malamin lakwal wace irin riga ake sawa a Abijan. Mako guda ana yi masa tsiya da "Alhajin Abijan", shi ma yana amsawa.

Wata rana kawu ya ci. Ba miliyoyi ba ne, amma sun kai ya sayi rago, ya yi wa matarsa turmin atamfa, ya raba goro a layi. Unguwa ta ɗauka. Yara na bin sa, maroƙi ya biyo shi har ƙofar gida, waɗanda ba su taɓa gaishe shi ba suka zo barka. Har ni aka nuna aka ce ga yaron da ke karanta masa. Liman ne kaɗai ya mayar da goron, ya ce a gaya masa ya gode, ya kuma duba aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, inda aka jera caca da giya wuri guda. Kawu ya ce zai daina da zarar ya ci babba ɗaya ya sayi keken surfani. Na yi imani da gaske yake.

Sai da na girma na iya lissafin da ya kamata in yi masa tun farko. In dawaki 16 suka tashi, hanyoyin da biyar na farko za su iya jeruwa 524,160 ne. Ko uku kawai aka ce a jera, hanyoyi 3,360 ne. Sanin dawaki yana rage duhun kaɗan, amma duk wanda ya sayi takardar ya karanta abin da ka karanta, kuma in dokin da kowa ya zaɓa ya ci, kuɗin rabuwa suke tsakanin mutane da yawa. Kafin ma a raba, an riga an cire kason masu shiryawa da na baitulmali. Shi ya sa abin da ƴan wasa suka karɓa, in aka haɗa, ba ya taɓa kaiwa abin da suka zuba. Dala arba'in kuma a kullum, wadda ba ta kai mutum ya ji ta fita ba, jika 73 ce a shekara. Kawu ya daɗe da wuce dala arba'in.

Ƙarshen abin ya zo ana saura kwana goma babbar salla. Mutane sun ba shi kuɗi ya sayo musu shadda ya ɗinka, kamar yadda aka saba, don an yarda da shi. Ya taɓa kaɗan da niyyar mayarwa gobe. Gobe ya taɓa ƙari don ya fanso na jiya. Da masu kaya suka fara sallama a ƙofar gida, ya ɗauki kekensa na ɗinki cikin dare ya kai wa dillali. Ya biya kowa kuɗinsa, ko dala ba a bi shi ba, amma ya yi salla tela ba keke. Ranar da ya ci, layi guda ne ya taya shi murna. Wannan daren daga shi sai matarsa a tsakar gida, sai ni da ke kwance a zaure ina yin kamar barci nake. Na ji ta ce, "Malam, da ka gaya mini." Bai amsa ba.

Ita ce ta maido da keken. Tana cikin ƙungiyar asusu ta mata, irin waɗanda ake kira Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Kowane mako su taru su zuba ɗan abin da suka samu, su ba juna rance, in wa'adi ya cika su raba. Da cinikin ƙuliƙuli da man gyaɗa take zubinta. Ta ci bashi a asusun, ta haɗa da kuɗin akuyarta, bayan wata huɗu wani keken ya shigo gida. Na je kiranta wurin taronsu sau da yawa, kuma can ma inuwa ce da tabarma da raha da tsegumi da ɗokin ranar rabo. Kuɗin ne dai ba sa barin tabarmar.

Kawu ya daina saye, amma bai daina zuwa fada ba. Shekaru yana zama can da yamma, ba tikiti a aljihunsa, yana ba wasu shawara kan dawaki. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me kake nema a can har yanzu?" Ya ce, "To ina zan zauna?" Tun daga ranar nake jin wa'azin da ake yi kan caca da wani kunne daban. Gaskiya ne haramun ce, gaskiya ne asara ce, kuma ƴan fadar nan duk sun sani, da yawansu a sahun gaba suke salla. Amma wanda zai ce wa mutum ya tashi daga inuwa, ya kamata ya nuna masa wata.

Yanzu ɗan ƙanwata ne ke damuna. Shekarunsa 19, a wayar salula yake zuba kuɗi kan wasannin ƙwallon Ingila da Sifen, cikin ɗaki, ƙarfe biyun dare. Ba shi da mai shayi, ba shi da tsohon jandarman da zai yi masa dariya in ya kawo zancen boka, ba wanda zai ga fuskarsa ya gane yau ta ɓaci. Makon jiya ya nuna mini wayar, ya ce, "Kawu, duba, wasa tara na ci, saura ɗaya." Na karɓi wayar na ajiye, na ce ya ɗauko tabarma. Na aika a sayo gawayi da ganyen shayi, na fara ba shi labarin keken ɗinki.