Ranar Da Na Ɗaura Wa Bindigar Baffa Ido

Yau wani abu zan ba ku labari da ya faru tsakanina da baffana a garinmu Gammo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, abin da har gobe idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Baffa maharbi ne. Tun da na buɗi ido nake ganin bindigarsa rataye a bangon zaure, doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wasu su ce adaka, wasu su ce harba-ka-ruga. Takardar izininta kuwa tana cikin leda a ƙasan adakar kayansa, ya fi tattalinta a kan takardar gona. A ƙuruciyarmu babu zabon daji ko makwarwa da za ta tashi gabansa ta sha. Shi ya koya mini auna abu. Akwai 'yar tsaga da maƙeri ya yanka a bayan bututun, akwai kuma wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar dawa a can bakinsa. Sai ya ce, "Ɗan nan, abu uku za ka jera a layi ɗaya: tsagar, ƙwayar, da naman. In ɗaya ya kauce, albarushinka ka ƙona a banza."

Da kakar shekarar 2022 aka aiko mini Kano, inda nake aiki, cewa Baffa ya daina fita daji. Wai ya auna zabo a kusa, gaban samarin da ke binsa, ya kuskure, ya sake ɗurawa ya sake kuskurewa. Tun ranar ya rataye bindiga bai ƙara taɓa ta ba. Da na je gaishe shi na tarar da shi a zaure ya rame, maganarsa ma ta ragu. Wanda bai taso gidan maharba ba zai ce abin bai kai ya kawo ba, amma mutumin da ya shekara arba'in ana kiran sunansa tare da bindiga, ranar da hannunsa ya ƙi, wani ɓangare ne na mutuncinsa ya faɗi.

To ni ɗan boko, sai na koma birni na shiga intanet neman mafita. A nan na ci karo da labarin gasar harbi da ƙaramar bindiga da ake yi a ƙasashen waje. Mu a nan ba mu san wannan wasa ba, domin dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda aka haramta wa mutum ya mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, alhali irin ta Baffa kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininta. Abin da ya ja hankalina shi ne wani ɗan gilashi da 'yan gasar ke ɗorawa a saman bindiga, in ka leƙa ciki sai ka ga jan ɗigo yana haske. Wani kamfani mai suna Aimpoint a ƙasar Suwidin ya fito da irinsa a 1975. A 1990 wani Ba'amurke, Jerry Barnhart, ya ci gasar ƙasarsu da shi a kan ƙaramar bindiga, a shekarar kuma Doug Koenig ya ci gasar duniya da shi a birnin Adelaide na Ostireliya. Daga nan 'yan gasa suka yi caa a kansa.

Hikimar abin ita ce, ido ba ya iya tsayawa tar a kan abu uku masu nisa daban-daban a lokaci guda, balle idon da ya manyanta. Shi kuwa ɗigon nan an yi shi ne yadda ido zai gan shi kamar yana can jikin abin da ake aunawa. Abu uku sun koma ɗaya ke nan: ka ɗora ɗigo, ka ja kunama. Na ce alhamdu lillahi, maganin Baffa ya samu. Na nemi wani mai araha wajen masu sayar da kayan lantarki, mai amfani da batir irin na agogo, na kama hanyar Gwarzo ina jin kaina kamar likita.

Da farko na kai wa maƙerin da ya saba gyara wa Baffa bindiga. Ya juya gilashin a hannu, ya leƙa, ya dube ni. Na ce so nake ya huda bututun ya ɗaure shi da noti. Ya ce, "Ɗana, ni dai ba zan huda ƙarfen da wuta ke fashewa a cikinsa ba. In ya tsage a fuskar baffanka, me zan ce wa Allah?" Na yi masa bayanin Amurka da Suwidin, ya saurara har na gama, ya miƙo mini kayana. Na fito ina cewa a raina mutanen ƙauye ba sa son ci gaba. Na samo waya da robar tayar keke, na ɗaure gilashin da kaina tamau, har ina yaba aikina.

Ranar Juma'a bayan la'asar na lallaɓi Baffa muka fita bayan gari, inda aka girbe dawa. Kuskurena na biyu shi ne ban hana yara bin mu ba. Na kafa gwangwanin madara a kan kututture, na ƙirga taki talatin. Baffa ya ɗaga bindiga ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, "Kai ka ce ɗigo ne. Ni kuwa garwashi nake gani an watsa." Na ɗauka ba'a yake yi mini, na ce, "Baffa a dai gwada." Ya ja kunama. Da hayaƙi ya washe, ga gwangwani nan a tsaye, gilashina kuwa ya karkace yana kallon gabas, ya tsage ta gefe. Yara suka kwashe da dariya. Baffa bai ce uffan ba. Ya miƙo mini bindigar, ya kaɗe rigarsa, ya kama hanyar gida a hankali. Ni da na zo ɗaga shi, na tara masa jama'a suka ga kuskurensa na uku.

Sai daga baya na karanta abin da ya kamata in fara karantawa, wato yadda ake ɗora gilashin. Ashe a wajen 'yan gasa ɗaurin ya fi gilashin wuya. A ƙaramar bindiga saman nan yana ja da baya da ƙarfi ya dawo a kowane harbi, don haka na farkon suka riƙa kafa gilashin a jikin gangar bindigar da ba ta motsi. Da aka samu ƙanana masu jure bugu, sai aka koma sassaƙa musu gurbi da inji a saman, daidai wa daida, a ɗaure da noti gwargwadon ƙarfin da aka ƙayyade, a sa wani gam da ke hana shi kwancewa. Bayan haka sai an yi ta harbi ana gyara ɗigon har ya dace da inda harsashi ke sauka. Na yi lissafi da kaina: in gilashin ya karkace da digiri ɗaya tak, a nisan mita 25 harsashi zai kauce da kusan santimita 44. Ni kuwa da roba na ɗaure nawa. Maƙerin nan bai san sunan Barnhart ba, amma ya san ƙarfe. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Da daddare Inna, matar Baffa, ta kira ni gefe ta ce, "Kai ba ka lura ba ne? Mutumin da ke zuba shayi a gefen kofi, yake gane mutane da murya, ya shekara bai buɗe Alƙur'aninsa ba, shi za ka kawo wa madubin bindiga?" Jikina ya yi sanyi. Ashe garwashin da ya ce yana gani gaskiya ya faɗa mini, ni ne ban ji ba. Ya ɓoye ne don kada a ce maharbi ya makance, ni kuma na tafi gyaran bindiga na bar mai bindigar.

Da ƙyar ya yarda na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce yana ce ta rufe idanun biyu. A 2023 aka yi masa aiki, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka cire masa auduga, abin da ya fara cewa shi ne ashe na yi furfura.

A watan Agustan 2024 na nuna masa a waya bidiyon Yusuf Dikeç, Baturken nan ɗan shekara 51 da ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Faransa, yana harbi hannu ɗaya cikin aljihu, da tabarau irin na kowa. Na gaya masa cewa a wannan gasar doka ba ta yarda a ɗora wa ƙaramar bindiga gilashi ba, tsaga ce da ƙwaya kamar tasa. Ya sa na maimaita masa har sau uku, ya ce, "Wannan ya iya. Dubi numfashinsa." Sai na samu bakin roƙonsa gafarar abin da na yi masa ranar Juma'ar nan. Ya yi dariya ya ce, "Ai da ba ka kunyata ni ba, da har yau ina cikin duhu. Allah ya yi maka albarka."

Baffa bai koma farauta kamar da ba, dajin ma ya zama gonaki. Amma ya koma karatunsa na asuba, kuma yakan sauko da bindigar ya shafa mata mai. Shatin wayata na nan a jikin katakon, ya hana a goge.

Don Allah jama'a, wanda ke da dattijo a gida ya ga ya janye daga abin da ya saba, ya fara dubawa ko ido ne. Ba za su faɗa ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su, amin.