Yadda Na Rage Wa Gangar Kawu Gunji Har Wayata Ta Iya Ɗaukar Kiɗansa

Yau abin da ya faru da ni zan ba ku labari, kuma duk mai ɗaukar kiɗa da waya zai tsinci abin amfani a ciki.

Kawuna makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi. Ita ce babbar gangar nan da ake kaɗa wa manoma ranar gayya, kowane gwani da takensa, da ya ji an kaɗa sai ka ga gardi ya ƙara duƙawa. To yanzu maganin feshi da tarakta sun kori gayya, an daɗe rabon da a kira Kawu gona, ga hannunsa ya fara rawa. Mamman Shata da ya zauna a Funtua ya rasu tun 1999, amma kaset ya riƙe mana muryarsa. Shi Kawu ba wanda ya taɓa ɗaukarsa, alhali a kansa ne kaɗai taken kakanmu ya rage.

Da ƙyar na shawo kansa. Na kai shi shagon wani abokina mai rufin kwano da daɓen siminti, na ajiye waya dab da fatar ganga, wai don sauti ya shiga sosai. Ya yi kiɗa kusan minti 20 yana haki. Da na kunna, wallahi ba abin da ke fita sai "buuu" da ƙarar tsatsa. Kawu ya saurara, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai injin niƙa ka ɗauko." Ya saɓi gangarsa ya tafi. Kunya kamar in nutse.

Sai da na zauna na gano inda matsalar take. Bugun babbar ganga kashi biyu ne: akwai "dum" na farko lokacin da gulka ta sauka, sai kuma gunjin da ke biyo baya saboda fatun biyu suna ci gaba da kaɗawa. A fili, iska ce ke kwashe gunjin. A ɗaki mai kwano da siminti kuwa dawowa yake yi, ya hau kan bugu na gaba. Shi kuma makirfon waya ɗan mitsitsi ne, don magana aka yi shi. Ƙara ta yi masa yawa sai ya tsage, wayar kuma ta riƙa rage murya da kanta tana ƙarawa.

Masu gangar bature sun daɗe da maganin wannan. Babbar gangarsu da ake takawa da ƙafa, matashin kai ko bargo suke sakawa a cikinta ya ɗan jingina da fatar. Wasu su ratsa ƙyalle a ƙarƙashin fata, wasu su huda ta gaba don iska ta fita. To ta Kawu a ɗinke take gaba da baya, wanda ya ce zai huda ta kuwa ya nemi rigima. Dole daga waje za a yi dabara.

Bayan mako biyu na koma, ga abin da muka yi:

1. Mun shanya gangar a rana tukun. Da damina fata tana shan laima ta saki, kuma sakakkiyar fata ba ƙyallen da zai gyara ta.

2. Na yago tsohon zani, faɗin yatsa huɗu, na ratsa shi a fatar baya wadda ba a bugawa, na ɗaure a jikin igiyoyin. Kawu ya ce tun da yake bai taɓa ganin an naɗa wa ganga rawani ba. Amma da ya buga sau ɗaya, sai ya yi shiru ya sake bugawa.

3. A fatar gaba na ninke ɗan ƙyalle kamar girman kwalin ashana, na liƙa da salatif can gefe, nesa da inda gulka ke sauka. A nan na yi zarin hannu, na ƙara guntun soson katifa. Sauti ya mutu murus, kamar ana dukan kwali. Kawu ya fizge soson ya yar, ya ce, "Ka rage mata surutu, kada ka shaƙe ta." Ya tuna mini cewa masu kotso ma danko kaɗan suke liƙawa a tsakiyar fata. Wannan shi ne babban darasin: ƙara kaɗan, buga, saurara, sannan ka ƙara.

4. Mun bar shago mun koma zauren ƙasa inda aka jibge buhunan masara. Buhu, katifa, labule, duk suna shanye amo. Gangar kuma muka ɗora ta a kan bargo don kada ƙasa ta ɗauki girgiza.

5. Waya na ja ta baya kamar taku uku, na ɗora a kan matashi bisa kujera, ta ɗan karkace, ba ta fuskanci fatar kai tsaye ba. Na sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse mu.

6. Ban ɗauka da saƙon murya na WhatsApp ba, domin yana matse sauti. Manhajar rikodin na yi amfani da ita. Dolby On ko BandLab duk suna yi, in taka tana da zaɓin WAV ka zaɓe shi. Ɗauki daƙiƙa 10 na gwaji, ka saurara da iyafis, don sifikar waya ba ta fitar da amo mai zurfi, za ta yaudare ka.

Da muka gama na saka wa Kawu iyafis a kunne, karon farko a rayuwarsa. Ya ji take na farko, ya ji na biyu. Da aka zo na kakanmu sai na ga ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya cire, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ita ce. Ka ajiye ta inda ba za ta ɓata ba."

Na ɗora a Google Drive, na kuma tura wa 'yan uwa a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, don kada ingancin ya ragu. Take 11 muka samu a ranar. Ya ce akwai wasu da ya manta, in sun faɗo masa zai aiko a kira ni.

Idan akwai tsohon makaɗi a gidanku ko unguwarku, kada ka ce sai ka samu kuɗin sitidiyo. Wayar hannunka, tsohon zani da zaure sun isa. Ka dai nemi izininsa kafin ka taɓa masa ganga, kuma kunnensa ne alƙali, ba naka ba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.