Masu Zaman Dare a Fako

A garin Warminster na ƙasar Ingila, cikin shekarun 1960, mutane sukan hau wani tudu su kwana suna jiran abin da Turawa ke kira faifai mai tashi, wato jirgin da suke zaton na halittun wata duniya ne. Wannan ciwo mu ma ya kama mu, sai dai namu tudun wani fako ne a bayan makarantar da muke koyarwa.

Asalin abin tun 1997 ne, da tauraruwa mai wutsiya, Hale-Bopp, ta bayyana muna samari. Tsofaffi suka ce wani babba zai rasu, aka hana mu nuna ta da yatsa. Tun daga nan wuyanmu bai daina ɗaga sama ba.

Kayan aikin ba su da yawa: tabarma, tocila, shayi, da littafin rubutu. Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya rufe sama. Amma fa duk wanda bai san Zara da Kaza da 'Ya'yanta ba, kada ya fito neman baƙi, don komai zai zame masa baƙo. Mun taɓa ɓata shafi biyu a kan wani haske mai tafiya ba ƙara ba ƙyaftawa, ashe tashar 'yan sama jannati ce, wadda ke zagaya duniya cikin kamar minti 90. Wani dare kuma fitilu suka keto sama a jere kamar ayarin raƙuma, ɗalibanmu biyu suka ruga suna salati. Taurarin Starlink ne, waɗanda aka fara harbawa da yawa a 2019.

Gudun nan shi ya jawo mana. Gari ya ɗauka wai malam yana kai yara kiran aljanu. Shugaban makaranta ya kira mu, muka buɗe masa littafin, ya karanta har da murmushi, sannan ya ce, "Malam, na gane, amma iyaye ba za su gane ba." Daga ranar mu kaɗai muke fita.

A littafin akwai layi ɗaya da har yau ba mu cike gefensa ba: jan haske, arewa maso gabas, ƙarfe biyu da kwata, ya tsaya cak, ya koma baya. Ɗaya daga cikin yaran da suka gudu yakan tsayar da mu a bakin aji ya ce, "Malam, an gano?"