Daga Duwatsun Kolorado Zuwa Tukunya

A yammacin Amurka akwai jerin duwatsu masu tsawo da ake kira Roki. A jihar Kolorado, inda duwatsun nan suka ratsa, akwai wata dabba da ake ce mata elk. Dangin barewa ce, amma namijin ya fi gwanki girma, nauyinsa yakan kai kilo 300 ko fiye. Ƙahoninsa suna da rassa kamar itace, yana kuwa zubar da su kowace shekara. Babu jihar da ta kai Kolorado yawan wannan dabba.

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba maharba sukan hau duwatsun, kowa da takardar izni daga hukuma. Waɗansu daga nesa suke zuwa. Daga Denba, babban birnin jihar, zuwa Dalas ta Teksas kusan mil 800 ne. To, ƙaƙa nama zai kai gida lafiya?

Maharban sukan ce harbi shi ne mai sauƙi, aikin yana bayansa. Jikin dabbar yana da zafi, fatarta kuma tana riƙe zafin kamar bargo. In aka bar ta kwance har gari ya waye, naman cinya da na wuya sai su fara wari daga wajen ƙashi, ko da an kwana ana sanyi. Saboda haka nan take sai a feɗe, a raba ƙafafu huɗu, a sa kowace cikin buhun farin ƙyalle mai shan iska, don ƙuda kada ya sauka. Sa'an nan a rataye su a inuwa, a gefen dutsen da ke fuskantar arewa, ko kusa da rafi. Ba a sa nama mai ɗumi cikin leda.

Mota ba ta hawa can. Sai a yi ta jigila a baya, ko bisa doki da alfadari, wani lokaci sawu huɗu ko biyar.

A gindin dutse manyan kuloli suna jira, cike da jarkokin ruwa da aka daskarar tun daga gida. Ana so sanyin naman kada ya wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, kada kuma ya jiƙa. In ƙanƙara ta narke sai a tsiyaye ruwan. Masu doguwar tafiya sukan sayi busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, ba a kuwa rufe gilashin mota ruf da ita a ciki, gama iskar da take fitarwa tana shaƙe mutum.

Dokar Kolorado ta hana mutum ya ɗauki ƙaho ya bar nama ya ruɓe. Ashe tun dā Littafin Karin Magana, sura 12 aya 27, ya tsauta wa ragon maharbi da ba ya kula da abin da ya kamo. Maharbanmu da banda suke tsare nama, na can da ƙanƙara. Amma hakkin ɗaya ne: dabbar nan Allah ne ya halicce ta, iyali kuma suna jiran abincinsu. Mai karatu, abin da Ubangiji ya sa a hannunka, yaya kake kai shi gida?